Takardar Makin Kawu Lucjan

Jarzębin, 25 ga Agusta

Zuwa ga 'yata Bogna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, sanyin Norway da ƙarnin kifi ba su gama da ke ba. Ni dai ga ni nan, gwiwa tana ta yi mini tsiya. Likita ya ce in rage hawan bene, na ce masa to ya sauko mini da kujerata ta filin tsere ƙasa. Kokwambar da na jiƙa ta yi tsami daidai, na ajiye miki kwalba uku.

Na san labari ya riga wasiƙata isowa, amma tunda kin ce in riƙa rubuto miki kowane tsere, ga shi. Ranar Asabar aka yi tseren neman shiga gasar duniya a filinmu. Mahaya babur goma sha shida, gurbi uku kacal. Yayanki Dobek ya shiga hawansa na ƙarshe da maki tara. In ya zo na ɗaya ya ƙara uku, ya shiga ke nan, abin da yake nema tun yana ɗan shekara goma sha shida, yau ga shi da talatin da biyar. Igiyar fara tsere ta tashi, ya fita kamar an harba shi, jar hularsa a gaba. Zagaye uku wani yaro ɗan Denmark yana shan ƙurarsa. A zagaye na huɗu, a kwana ta ƙarshe, daidai gaban kujerata, Dobek ya faɗi. Alƙali ya ce shi kaɗai ya faɗi, ba wanda ya taɓa shi. Sifili. Ya ƙare na shida. Kafaɗa ta gurɗe, amma ƙashi bai karye ba, mun gode Allah.

Bayan an tashi muka taru a rumfar Tolek mai gashin nama, wanda yanzu shi ne shugaban ƙungiyar 'yan kallo, don ba wanda ya fi shi murya. Yana juya nama yana ihu, "Ɗan Denmark ɗin nan ture shi ya yi! Ko makaho ya gani! Babur ba birki, ka sa wa mutum ƙafa a kwana, me kake so ya yi, ya tashi sama?" Wani ya ce na'urar talabijin ba ta kama komai ba sai ƙura. Sai Tolek ya nuna ni da cokali mai yatsa, ya ce, "Ga Lucjan, a hancinsa aka yi. Tsoho, faɗa musu!"

Na ce ni ban gani ba. Na ɗauki hulata na tafi gida.

Yanzu maganar da ke bakin kowa ita ce katin alfarma, wanda ake ba mahayi ya shiga gasar duniya ko bai ci gurbi ba. Kin san ra'ayina. A zamaninmu rana ɗaya ake yi, fili ɗaya, wanda ya ci shi ne gwanin duniya, ko da jiya yana noman dankali. Yanzu an mai da abin yawon ƙasashe, wasu mahayan su shiga da guminsu, sauran kuma masu shirya gasa su zauna a ofis su zaɓa, wannan don ƙasarsa tana da masu kallo, wancan don ya iya murmushi. Shekara talatin ina faɗa: kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Ki riƙa sa safa biyu.

Kawunki,
Lucjan

Ålesund, 4 ga Satumba

Kawu,

Ina gaisuwa da girmamawa. Lafiyata ƙalau, sai dai hannuwa da suka tsattsage da ruwan sanyi. Ka ji maganar likita a kan gwiwar nan, don Allah. Na gode da kokwamba.

Na kalli tseren a waya, a ɗakin canza kaya, da rigar aiki a jikina. Da Dobek ya faɗi na yi ƙara har wata 'yar Lithuania ta zo da gudu tana tsammanin yatsa na yanke. Gaskiya ne, ba a ga komai a hoton ba sai ƙura.

Kawu, ba za ni yi kwana-kwana ba. Tolek ya kira ni. Ya ce ƙungiya ta rubuta takardar roƙo zuwa ga masu shirya gasa, a ba Dobek ɗaya daga cikin katunan alfarma saboda an zalunce shi. Mutum dubu huɗu sun sa hannu, har limamin cocinmu, wanda bai san gaban babur da bayansa ba. Ya ce sun bar layin farko ba kowa, naka ne, don kai ne ka fi kowa daɗewa a filin nan, kuma kai ne a gaban kwanar. Wani ɗan jarida daga babban birni ma ya ce in Lucjan mai takardun maki na shekara hamsin da ɗaya ya ce an ture yaro, shi zai buga. Sau biyu suna kai maka takardar, kana mai da su.

Na karanta wasiƙarka sau uku. “Ban gani ba.” Kai? Kai da kake gane ƙarar injin Dobek cikin babura huɗu? Kai da ka doke mini hannu ina 'yar shekara tara don na rubuta maki kafin a gama tsere, ka ce ido a fili, alƙalami ba ya taɓa takarda sai tuta ta sauka? Ka ce dai ba ka so ka faɗa.

Na san ka tsani katin nan. Amma wannan ba ɗan Ingila ba ne ko ɗan Amurka mai murmushi. Dobek ne, wanda ka ɗaure wa takalmin ƙarfen tsere na farko da hannunka. Kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa ya ce in bai shiga gasar baɗi ba sun janye, kuma ka san a shekarunsa ba wani da zai zo. Wannan ce ta ƙarshe. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Za a rufe takardar ranar talatin ga wata. Suna kawai za ka rubuta.

'Yarka,
Bogna

Jarzębin, 13 ga Satumba

Bogna,

Na gaishe ki. Ki shafa man kaɗanya ko kitsen agwagwa a hannun kafin ki kwanta. Gwiwa tana nan yadda take.

An yi taron ƙungiya ranar Laraba a zauren 'yan kwana-kwana, kuma da kin zo da kin sha kallo. Rabin zaure suna cewa a soke katin alfarma gaba ɗaya, rabi suna cewa a ƙara yawansa, kuma dukkansu sun sa hannu a ba Dobek. Wani malamin makaranta ya zo da allo ya zana mana sabon tsari: ƙasa-ƙasa, kowace mahayi biyu. Tolek ya ce masa, "Malam, mu muna da gwanaye ashirin, wasu ƙasashen nasu ɗaya ne, shi ma aro. Ka koma ka koyar da lissafi." Aka yi dariya. Wata mata ta ce a koma tsarin rana ɗaya, wani yaro ya ce mata, "Iya, a rana ɗaya sarƙa ta tsinke wa gwani shi ke nan shekara ta tafi, wannan adalci ne?" Har kujera aka ɗaga.

Daga nan suka juyo kaina. Tolek ya ɗora takardar a gabana ya ce, "Lucjan, ka bar taurin kan nan. Shekara talatin kana zagin kati, mun ji, mun yafe. Yau ɗanka ne." Na karanta abin da ke saman takardar. An rubuta: mu da muka gani da idonmu. Na tura masa abarsa. Ya ce, "To wallahi ko gawarka ba za ta ci namana kyauta ba." Na ce dama ƙonawa yake yi.

Ba wanda ya yi dariya. Na fito ni kaɗai, kuma ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci ƙwarai.

Dobek bai zo gidan ba tun ranar. Na hango shi a bakin kantin burodi, hannu a rataye, ya gan ni ya tsallaka titi. Yaron da na goya.

Abin da na faɗa shekara talatin ba zan lashe shi a rana ɗaya ba. Ki bar maganar haka.

Kawunki

Ålesund, 21 ga Satumba

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina lafiya.

Ban taɓa ɗaga maka murya ba, ko a takarda, amma yau ka yi haƙuri. Ka cika shafi guda da labarin wanda ya ɗaga kujera da wanda ya ƙona nama, maganar Dobek kuwa layi uku. Wato ya fi maka a ce a garin nan Lucjan bai taɓa canza magana ba, da a ce ɗan ƙanwarka ya hau babur a gasar duniya ko sau ɗaya.

Lokacin da Mama ta rasu ka ɗauke mu, ban manta ba. Ban manta da yadda ka sayar da lambunka ka saya masa injin farko ba. Shi ya sa abin yake ci mini rai. Ka kai shi bakin ƙofa da kanka, yanzu kuma kai ne ka tsaya a ƙofar.

Na kira Dobek na ce ya je ya roƙe ka. Ya ce, "Ki ƙyale Kawu, ya san abin da yake yi." Ya kashe waya. Ko muryarsa ba ta fita. Ka ga abin da ka mai da shi.

Saura kwana tara. In ba ka sa hannu ba, kada ka ajiye mini kokwamba.

Bogna

Ålesund, 17 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Yau kusan wata guda ba wasiƙarka. Na kira maƙwabciyarka, ta ce tana ganin hayaƙi a bututun gidanka, amma ba ka je tseren rufe kakar bana ba. Ta ce kujerarka ta zauna ba kowa, mutane suna ta waiwaye. Shekara hamsin da ɗaya ba ka taɓa fashi ba, ko ranar da aka cire maka haƙori.

Ka dai ji an fitar da sunaye. Ba Dobek. An ba wani yaro ɗan shekara goma sha tara, daga ƙasar da filinta ɗaya ne, wai ana so a buɗe kasuwa a can. Tolek ya ce ko amsa takardarsu ba a yi ba. Ya ce da sunanka yana kai da jarida ta buga, da wataƙila. Ni ban sani ba. Wataƙila ko Paparoma ne ya sa hannu ba za su duba ba. Ka ga maganarka ta fito, katin nan ba na mai gumi ba ne. Ina fatan ta yi maka daɗi.

A'a, ban so in rubuta haka ba, amma ba zan goge ba, kai ka koya mini ba a goge abin da aka rubuta.

Dobek ya sayar da babura biyu, na ukun ma an yi ciniki. Na yi masa magana da mai kula da mu a kamfanin kifi, akwai gurbi a ɗakin ƙanƙara. Zai taso bayan ranar ziyarar kaburbura. Mutumin da filin mutum dubu goma sha biyar yake kiran sunansa zai zo ya jera akwatin kifi.

Maganar kokwamba, fushi ne. Ka rubuto ko layi ɗaya ne, in san kana raye. Ni ba zan samu zuwa bana ba, ka kunna wa Mama kyandir a madadina.

'Yarka,
Bogna

Jarzębin, 2 ga Nuwamba

'Yata Bogna,

Ina raye. Gwiwa ce dai, da kuma abin da ya fi gwiwa. Wasiƙunki biyu suna nan a kan tebur, na fara amsa su ya fi sau goma ina jefawa a murhu.

Jiya na je maƙabarta. Na kunna kyandir uku, nawa da naki da na Dobek don na zata bai zo ba, sai na tarar ya riga ni, nasa yana ci. Na hango bayansa wajen ƙofa. Na bar shi ya fita ban kira shi ba. Na tsaya a gaban kabarin uwarku na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ce to gara in faɗa wa mai rai.

Ki buɗe abin da na sa a cikin ambulan ɗin nan. Takardar makin ranar ce. Ki duba hawa na ashirin, layin Dobek.

Kin gani? Uku ne a wurin.

Da ya shigo zagaye na huɗu yana gaba da tsawon babur biyar, sai zuciyata ta cika. Na ce shekara goma sha tara, yau ga ta. Na zaro alƙalami, na sunkuya na rubuta uku. Tuta ba ta sauka ba. Ni da na doke hannunki, ni da na kori Tolek daga layin kujerunmu shekara guda don ya yi irin haka. Ina cikin ja wa ukun ƙafa na ji filin ya yi wani irin nishi. Na ɗago, sai ƙura, da babur yana juyawa a ƙasa, da jar hula a jikin shinge.

Ban gani ba, Bogna. Duk filin nan ba wanda ya fi ni kusa, kuma ba wanda ya fi ni rashin gani. Ko an ture shi, ko ba a ture shi ba, Allah ne ya sani. Yaya zan sa hannu a ƙarƙashin “mu da muka gani da idonmu”? Kuma yaya zan tsaya a gaban Tolek in ce Lucjan ya rubuta maki kafin tuta? Sai na fake da tsohuwar maganata ta kati, don ita kowa ya san ni da ita. Na gwammace a ce mini mai taurin kai da a ce mini abin da nake. Girman kai ne, ba aƙida ba, kin yi gaskiya ko da ba ta inda kika zata ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Kin san abin da muke cewa a layinmu, wanda ya riga tuta shi ya kayar da mahayi. Da rana na san camfi ne. Amma tun watan Agusta nake jin kamar da alƙalamina na ture shi. Shi ya sa ban koma filin ba.

Ban gyara ukun ba. Shekara hamsin da ɗaya, akwatin takalmi goma sha huɗu cike da takardun maki, ba takarda ɗaya mai ƙarya sai wannan. Na kasa sa ta cikin 'yan'uwanta, na kuma kasa ƙona ta. In Dobek ya iso ki ba shi. Ki ce masa a takardar kawunsa dai ya shiga gasar duniya. Ba abin da zai saya da ita, na sani. In ya ga dama ya yafe mini.

Kwalabenki suna nan. Na ba direban motar da Dobek zai hau, ya ce zai kai.

Kawunki,
Lucjan

Ålesund, 16 ga Nuwamba

Kawuna,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Na yi kuka a kan wasiƙarka har tawada ta baje. Abin da na faɗa maka na ƙofa, ka ɗauka ban faɗa ba.

Dobek ya iso lafiya, kwalba ɗaya ta fashe a hanya. Ya fara aiki ranar Litinin. Kafaɗar tana damunsa a cikin sanyi, amma ba ya faɗa. Ba wanda ya san shi a nan. Wani ya tambaye shi aikin da yake yi a gida, ya ce kanikanci.

Sai ranar Lahadi na samu ƙarfin ba shi. Muna cin abinci na ajiye masa wasiƙar da takardar makin. Ya karanta, ya sake karantawa. Ya ce, "Wai bai gani ba?" Na ce ga shi a rubuce. Sai ya yi wata dariya marar daɗi, ya rufe fuska da hannu. Ya ce, "Bogna, ni duk watannin nan na ɗauka ya gani ne. Na ɗauka ya ga komai, shi ya sa ya ƙi yi mini ƙarya. Shi ya sa na kasa haɗa ido da shi."

Na ce ya ga me? Sai ya ce in ba shi alƙalami. Ya ja layi ɗaya a kan ukun, ya sa alamar faɗuwa a gefe, yadda ka koya mana. Ya ce in mayar maka, ka sa ta cikin akwati, takardun Kawu ba sa ƙarya. Ga ta nan a ciki. Ya yi rubutu a bayanta, ya ce kada in karanta. Na karanta.

Ka sha maganinka. Ka koma filin idan bazara ta yi, ko don kujerar.

'Yarka,
Bogna

A bayan takardar makin:

Kawu, ɗan Denmark bai taɓa ni ba. Na bar su Tolek suna faɗa don ina son katin. Tun ina yaro in zan ci tsere nakan saci kallon kujerarka a kwana ta ƙarshe, ba ka sani ba. Ranar ma na ɗaga ido in ga fuskarka, na ɗauke shi daga hanya, tayar gaba ta faɗa rami. Ban ga fuskar ba ma. Kanka yana sunkuye.